FUNFUNA MAI TSARON GONA

Kowane manomin gyaɗa a ƙasar Katagum da Jama'are ya san funfuna, watau ɗanyen ƙura-ƙuran nan da ke fitowa a jikin gyaɗa ko masara idan an adana su da laima. Amma ba kowace funfuna ce abokiyar gaba ba. Wannan takarda za ta bayyana yadda wata ke kashe mutum, wata kuwa ke tsare shi.

MASU ZAMA CIKIN TSIRO

Masana sun gano cewa cikin ganye da kara da saiwar kusan kowane tsiro akwai funfuna da ido ba ya gani, suna zaune ba tare da sun sa masa cuta ba. Tsiro yana ba su masauki da abinci, su kuma da yawansu suna biyansa ta hanya uku. Da farko, suna tare wuri, har muguwar funfuna ta rasa mashiga. Na biyu, suna fitar da sinadarai masu hana ta yaɗuwa. Na uku, waɗansu suna fitar da ruwan narkarwa, wanda masana ke kira enzayim, ya cinye bangon jikin abokiyar gaba har ta mutu. Ba abin mamaki ba ne, gama daga funfuna Alexander Fleming ya gano maganin fenisilin a London a 1928.

DAFIN AFLATOKSIN

Muguwar funfunar gyaɗa sunanta Aspergillus flavus, dafinta kuwa aflatoksin. An gane shi bayan 1960, lokacin da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin garin gyaɗa mai dafi. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya saboda gurɓatacciyar masara. Dafin nan yana kawo sankarar hanta, kuma dahuwa ko suya ba sa kawar da shi, ko a ƙuli-ƙuli ko a kunun gyaɗa. Yakan yi yawa idan ruwa ya ɗauke kafin gyaɗa ta ƙosa, abin da manoman arewacin Jihar Bauchi suka saba gani.

ƊAN UWA YA KORI ƊAN UWA

Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta bi hanyar farko, ta tare wuri. Ta zaɓo iri 4 na wannan funfuna daga ƙasar Nijeriya, waɗanda ba su yin dafi ko kaɗan, ta shafa su a jikin gasasshiyar dawa, aka rina ta shuɗi. Sunan maganin Aflasafe, an kuwa yi masa rajista a 2014. Idan aka watsa shi, funfuna marar dafi takan riga mai dafi kama gona.

ABIN DA MANOMI ZAI YI

1. Ya watsa kilo 4 a kowace eka, mako 2 zuwa 3 kafin amfani ya yi fure, lokacin da ƙasa take da danshi.
2. Kada ya yi huɗa ya binne maganin.
3. Ya cire gyaɗa da zarar ta ƙosa, ya shanya ta a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa ba.
4. Ya tsince ruɓaɓɓiya da mai ɗaci ya binne, kada a ba yara ko dabbobi.
5. Ya jera buhuna a kan katako, nesa da bango.

Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malamin gona na gundumarsa. Wanda ya iya karatu kuma, lalle ya karanta wa maƙwabtansa.