Darasi na 9: Yadda Za Mu Bambance Fizgar Farfaɗiya da Zaburar Jiki ta Yau da Kullum

Lokaci: minti 40, bayan an gama zubi an kulle akwati.
Kayan aiki: kofin roba, tabarma, littafin sakatariya da biro.
Manufa: kowace mamba ta iya gane zaburar da ba ta da wata illa, da kuma fizgar da ya kamata a kai asibiti, ta kuma san abin yi idan wani ya faɗi a gabanta.

Me ya sa muke wannan darasi?

Iyayena da 'yan'uwana, idan aka ce farfaɗiya, abin da ke zo mana a rai shi ne mutum ya yanke jiki ya faɗi, ya sandare, ya yi ta jijjiga, kumfa na fita a baki. Haka ne, amma ba kullum take zuwa da wannan kama ba. Akwai wadda take farawa da 'yar fizga a kafaɗu da hannaye, ƙiftawa da bismillah ta wuce. Yarinya ta ɗauko kofin kunu da safe, sai kawai ki ga kofi a ƙasa. Gobe ludayi, jibi kwanon miya. Sai a ce sakarya ce, ko barci ne bai sake ta ba, wani lokaci ma har ta sha duka. Ana iya yin watanni ko shekaru a haka kafin babbar faɗuwa ta zo, kuma in ta zo ba ta zaɓen wuri: tana iya samun yarinyar a gaban murhu, ko kan kaskon ƙosai, ko bakin rijiya.

A ɗaya gefen kuma, akwai zaburar da kowa ke yi wadda ba cuta ba ce, amma sai ta tayar da hankalin uwa, a kwashe kuɗin da aka sha wuya aka tara a kai wa masu magani. To duka biyun asara ce.

Mece ce farfaɗiya?

Cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ga gaɓoɓi ta hanyar wani ɗan lantarki da ke bin jijiyoyi. Idan lantarkin ya yi tartsatsi ba bisa tsari ba, sai gaɓa ta motsa ba da son mai ita ba. Abubuwan da ke jawo ta sun haɗa da wahalar haihuwa, buguwa a ka, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da gado. A kusan rabin masu ita kuwa ba a gano sanadi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan aka gano cutar aka ba su maganin da ya dace. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko ta kwano ɗaya, ko ta taɓa mai ita.

Zaburar da ba ta farfaɗiya ba ce

1. Zaburar shiga barci. Barci ya fara ɗaukarki, sai ki ji kamar kin faɗa rami, ki zabura sau ɗaya ki farka. Yawancin mutane na yin ta, ta fi zuwa ranar gajiya ko damuwa.

2. Rawar ido. Fatar ido ko wata 'yar tsoka ta yi ta ɗan motsi a wuri guda, amma gaɓar ba ta tashi daga inda take. Rashin barci, gajiya da yawan shan shayi ko cin goro na kawo ta.

3. Ɗaurewar tsoka. Sha-raɓa ko tafin ƙafa ya ɗaure tamau, da zafi sosai, in kin taɓa ki ji ya yi tauri. Yana ɗaukar daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna. In an miƙe ƙafar aka jawo yatsu sama aka mulmula, sai ya saki. Ya fi samun masu ciki a watannin ƙarshe, da wadda ta wuni a gona tana zufa.

4. Shaƙuwa. Ita ma zaburar tsoka ce, ta tsokar numfashi da ke ƙarƙashin ƙirji.

5. Karkarwar sanyi ko ta zazzaɓi. Jiki na ta rawa ba tsayawa, amma mutum na cikin hayyacinsa, ana yi masa magana yana amsawa.

Yadda fizgar farfaɗiya take

Wadda muka fi so ku gane ita ce mai farawa a lokacin balaga, galibi tsakanin shekara 12 zuwa 18. Tana zuwa ne bayan an tashi daga barci, a cikin sa'a ɗaya ko biyu na farko. Kafaɗu da hannaye biyu ne ke fizga lokaci guda, kamar an jona wa mutum wuta. Ba ta kai daƙiƙa guda ba, ba ta da zafi, kuma mai ita yana sane da abin da ya faru, sai dai ba zai iya hanawa ba. Abin da ke hannu ya suɓuce ko ya yi tsalle. Wani lokaci gwiwoyi su saki. Takan zo sau biyu, uku ko fiye a jere, kuma ta fi tsanani washegarin ranar da ba a samu barci ba, kamar lokacin biki, jinya, ko tashin sahur. Wasu yaran kuma sukan yi tsit na 'yan daƙiƙoƙi, ido a kafe, a kira su ba su ji ba, sai su ci gaba da abin da suke yi kamar ba komai.

Tambayoyi huɗu da za ki yi

Yaushe take zuwa? In a bakin barci ne, sau ɗaya, ba damuwa. In bayan an farka ne, ido biyu, a sa ido.

A ina? In 'yar tsoka ce guda a wuri guda, ba damuwa. In kafaɗu da hannaye biyu ne tare, har abu na faɗuwa, a sa ido.

Da zafi? Ɗaurewar tsoka na da zafi kuma tana daɗewa. Fizgar farfaɗiya gajeriya ce, ba zafi.

Tana maimaituwa? In kusan kowace safiya ce, ko duk ranar da ba a yi barci ba, to a je asibiti.

Waɗannan tambayoyi ba su mai da mu likitoci ba. Aikinsu shi ne su nuna mana wanda za mu kai a duba.

Jarirai fa?

Jariri sabon haihuwa kan yi zabure-zabure yana cikin barci. Ki tashe shi: in ta tsaya da zarar ya farka, yana shan nono lafiya, to wannan takan wuce da kanta cikin 'yan watanni. In hannunsa ko ƙafarsa na karkarwa, ki riƙe a hankali. Karkarwar da ba ta farfaɗiya ba takan tsaya, ta farfaɗiya kuwa za ki ci gaba da jin ta a tafin hannunki.

Akwai wata mai hatsari da ke samun jarirai, galibi daga wata 3 zuwa wata 12. Jim kaɗan bayan ya farka, kai ya sunkuya gaba, hannaye su ware ko su dunƙule, gwiwoyi su taho ciki. Daƙiƙa ɗaya ko biyu ya saki, ya sake, ya sake, sau da yawa a jere. Ana yawan ɗaukarta a matsayin ciwon ciki. In kin ga haka, musamman in yaron ya daina murmushi ko ya daina abin da ya riga ya iya, kada a jira ranar kasuwa. Jinkiri na iya taɓa ci gaban ƙwaƙwalwarsa.

Waɗanda ba a kwana da su a gida

Mai ciki ko mai jego da ta yi jijjiga, ko take fama da ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani da kumburi. Yaro mai zazzaɓi da ya yi jijjiga. Wanda haƙoransa suka sarƙe jikinsa ya sandare bayan rauni, ko jaririn da ya kasa kama nono yana sandarewa. Duk waɗannan asibiti ne nan take, ko da tsakar dare.

Idan za a je asibiti

Ki rubuta, ko ki sa a rubuta miki: ranar da abin ya faru, ƙarfe nawa, wace gaɓa, sau nawa, da yadda barcin daren ya kasance. In akwai waya mai kyamara a gida, a ɗauki bidiyo, don abin ba lallai ya zo a gaban likita ba. Kada ki ɓoye maganar fizgar safe, ko da kin ga ƙarama ce. Dalili kuwa, maganin farfaɗiya ba iri ɗaya ba ne: akwai wanda ke aiki ga wani nau'in amma yana ƙara tsananta irin wannan fizga. Shi ya sa ba a saye a kemis don an ga ya yi wa maƙwabciya amfani. Ana iya tura ku babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, don gwajin da ke auna lantarkin ƙwaƙwalwa. Wayoyi ake manna wa a fatar kai, ba allura, ba zafi.

Mu mata akwai ƙarin abu biyu. Wani maganin, irin su balfurowet, na iya cutar da ɗan da ke ciki, wasu kuma na rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu. Don haka a faɗa wa likita in ana da ciki, ko ana shirin aure, ko ana tazara. Kuma ba a daina magani kwatsam don an ga sauƙi ko don azumi ya zo. A tambayi likita yadda za a tsara lokacin sha. Addu'a ba ta hana shan magani, a haɗa biyun.

Idan wani ya faɗi a gabanki

Ki janye shi daga wuta, ruwa ko abu mai kaifi. Ki sa zane a ƙarƙashin kansa, ki sassauta abin wuya, ki juya shi ya kwanta a gefe. Kada a danne shi. Kada a cusa cokali ko yatsa a baki, ba ya haɗiye harshensa. Kada a ɗura ruwa, manja ko jiƙo, kada a yi hayaƙi, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta. Ki duba lokaci: in ya wuce minti 5, ko ya sake kafin ya farfaɗo, ko ya ji rauni, ko wannan ne karo na farko, a tafi asibiti.

Gwaji a cikin taro

Mamba ɗaya ta riƙe kofin roba ta nuna fizgar safe, wata ta nuna ɗaurewar sha-raɓa, wata ta kwanta a tabarma a gwada juya ta gefe. Sannan a tattauna:

(a) Yarinya 'yar shekara 14 tana zubar da kunu kusan kowace safiya, ta ce hannunta ne ke fizgewa. Me za ki ce wa uwarta?
(b) Mai ciki wata 8, ƙafarta na ɗaurewa da dare da zafi, ba ciwon kai, ba kumburi. Me za ta yi?
(c) Jariri ɗan wata 5 na dunƙulewa sau da yawa a jere in ya farka. A jira ko a tafi?

Amsa: (a) a daina faɗa, a raba ta da aikin wuta da rijiya, a kai ta asibiti, (b) ta miƙe ƙafa, ta sha ruwa, ta faɗa a wurin awo, (c) a tafi yau.

Abin da ƙungiya za ta yanke yau

Shin asusun taimakon juna zai biya kuɗin mota zuwa asibiti a irin wannan hali, kuma har nawa? Wa zai raka mamba in mijinta ba ya gari? Tun da maganin na kullum ne, za mu yarda a ba da rance don sayen na wata guda kafin ya yanke? Mu kuma amince cewa mambar da ke da farfaɗiya, ko 'yarta ke da ita, ba za a ware ta a tabarma ko a kwano ba, kuma abin da ta faɗa a nan ba zai fita waje ba. Sakatariya ta rubuta abin da aka yanke, a karanta shi a farkon zama mai zuwa.