Yaro Mai Galahanga da Likitan Haƙori: Jawabi ga Iyaye

Ya ku iyaye, wannan takarda taku ce, ku da Allah ya ba ku amanar yaro mai larurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta a rubuce a 1943 bayan ya lura da yara 11, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. Ba iska ba ce, ba sammu ba, ba kuma rashin tarbiyya ba. Halitta ce ta ƙwaƙwalwa, wadda ke sa ƙara da haske da wari da taɓi su yi wa yaro yawa.

Me ke firgita shi?

Ku dubi ɗakin likitan haƙori da idonsa. An ɗora shi kan kujera, kujerar ta kwanta da shi ba zato. Fitila ta haske masa ido. Ɗakin yana warin magani mai kama da kanumfari. Ga baƙo ya rufe fuska da takunkumi, ya sa safar roba, yana neman cusa masa yatsa a baki. Can kuma inji ya ɗauki ƙara, bututu yana zuƙe masa yawu. Babba ma sai ya daure, balle yaron da ƙarar injin markaɗe ke sa shi toshe kunne. In ya yi ihu ya datse baki, ba taurin kai ba ne, abin ne ya fi ƙarfinsa.

Shiri tun daga gida

Da sanyin safiya ake kama fara. Mako biyu kafin ranar zuwa asibiti, ku fara wasan likita. Uwa ta zauna kan tabarma, ta kwantar da kansa a cinyarta, ta ce, "Buɗe baki mu ƙirga." Ta taɓa haƙori ɗaya da bayan ƙaramin cokali, ta ƙirga zuwa 5, ta tsaya, ta yaba masa. Gobe zuwa 10. Jibi a ƙara da fitilar waya. Ya ƙi yau? A bar shi, a sake gobe. Ƙirgar tana koya masa cewa abin yana da ƙarshe.

Irin waɗannan yara sukan fi gane abin da suka gani a kan abin da aka gaya musu. Don haka uba ya leƙa asibitin tun da wuri, ya nemi izini ya ɗauko hoton ƙofa, da kujera, da likitan. A riƙa nuna wa yaro su bi da bi kullum: ga inda za mu shiga, ga inda za ka zauna, daga nan sai gida.

Abin da za ku gaya wa likita

Ba wanda ya san yaronku kamar ku, saboda haka kada kunya ta hana ku magana. Ku ce, "Likita, ba ya son a taɓa masa kai. Kalma kaɗan yake ganewa. In ya fara kaɗa hannu, to ya kusa gajiya." Ku faɗi magungunan da yake sha, musamman in yana da farfaɗiya, domin wasu magungunanta kan kumbura dasashi. Ku roƙi a sa ku farkon layi, domin zaman jira cikin hayaniya shi ke cinye haƙurinsa tun bai ga likita ba.

Ranar zuwa

1. Zuwan farko ya zama na gaisuwa. Ya ga ɗaki, ya hau kujera in ya yarda, a dawo gida.
2. Ya riƙe abin da ya saba da shi, ko mota ce ta roba ko ɗankwalin uwarsa.
3. A sa masa baƙin tabarau saboda fitila, da abin toshe kunne saboda inji.
4. Mutum ɗaya ya riƙa magana, a taƙaice.
5. Likita ya faɗa, ya gwada a kan farcen yaro, sannan ya aikata a baki.
6. A biya shi ladan ƙoƙarinsa nan take da abin da yake so, amma ban da alewa.

Abin da za a guje wa

Kada ku ce masa kasuwa za a je. Kada ku riƙa tsoratar da shi da allura in ya yi ɓarna. Kada kuma a tara ƙarti su danne shi. Ranar dai aiki zai yiwu, amma an saya masa tsoron da zai shekara da shekaru bai rabu da shi ba. In aikin babba ne kuma lallashi ya gaza, manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna da sashen haƙori da masana maganin barci, sai ku nemi shawararsu.

Rigakafi

Haƙoran yarinta 20 ne, kuma wajen shekara 6 ake fara famfara. Kada ku ce ai za su zube, domin su ke tsare wa na dindindin gurbi. A goge masa safe da dare da burushi mai laushi da ɗan man goge baki mai sinadarin fuloraid. In ɗanɗanon na'a-na'a ya dame shi, a sauya wani. A rage lemon kwalba da minti, a kuma ba shi ruwa bayan maganin sha mai zaƙi.

Ku tuna, yaron da ba ya magana ba zai ce muku haƙori na ciwo ba. Sai dai ku ga ya ƙi tuwo, ko yana dukan kumatunsa, ko barci ya gagara. Kada ku jira wannan rana. Ku kai shi duk wata 6 tun yana lafiya, domin ranar da ciwo ya zo, ya tarar da kujerar da ya riga ya sani.