Darasi: Dubu Ashirin

A dā, kafin naira, kafin sule da kwabo, kakanninmu da wuri suke ciniki. Daga nesa ake kawo wurin nan, daga tsibiran Maldif a tekun Indiya. Zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake zaune a Wurno, inda ya rasu a 1837, da wuri ake sayen gero da gishiri. Masu ƙidaya suna jan sa biyar-biyar. In ya kai zambar ashirin, wato dubu ashirin, sai a ɗinke shi a buhun tabarma. Shi ake kira keso.

Ga yadda muke rubuta dubu ashirin: 20,000. Biyu ce, da sifiri huɗu a bayanta. Mu lura da kyau. In sifiri ɗaya ya faɗi, ta koma 2,000. Wanda ya dangwala yatsa a takarda bai ƙirga sifiri ba, yana iya yin asarar 18,000.

Kowace lamba ko dai cika ce, ko mara. Cika ita ce mai rabuwa biyu daidai. Mara kuwa sai ta bar ragowar ɗaya. Ba sai mun ƙirga ba, ƙarshen lamba za mu duba. In ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, cika ce. Ashe 20,000 cika ce, rabinta 10,000.

Lambar da ta ƙare da 0 ko 5 tana rabuwa gida biyar. Don haka mai jan wuri biyar-biyar ba ya samun ragowa a keso. Sau 4,000 zai ja, wurin ya ƙare.

Tana kuma rabuwa gida takwas. A ce mutum ya rasu a Rabah, ya bar mace ɗaya da 'ya'ya. Bayan an biya bashi, gadonsa naira 20,000 ne. Tumunin matar naira 2,500 ke nan cif.

Amma ba ta rabuwa gida uku. Ga dabarar ganewa: mu tara alkaluman lambar. 2 da sifiri huɗu, jimla 2. Tun da 2 ba ta rabuwa uku, ita ma 20,000 ba za ta rabu ba. A ce manoma uku a Goronyo sun sayar da albasa naira 20,000. Kowa zai sami 6,666, a bar ragowar naira 2. Ba wanda ya cuci wani, halin lambar ke nan.

In mun jera dukan lambobin da suke raba 20,000 ba ragowa, tun daga 1 har ita kanta, guda 30 ne. Akwai kuma lambobi masu taurin kai, waɗanda ba abin da yake raba su sai 1 da su kansu, kamar 7 da 13. Ta farko irinsu bayan 20,000 ita ce 20,011.

Saboda haka kada babbar lamba ta ba mu tsoro. Mu ƙirga sifirinta, mu dubi ƙarshenta, mu tara alkalumanta, sa'an nan mu karɓi kuɗinmu.

Tambayoyi

1. Wuri nawa ne a keso biyu?
2. Shin 20,001 cika ce ko mara? Tana rabuwa gida uku?
3. Mutum goma sun raba naira 20,000. Nawa kowa zai samu?