Yadda Ake Hana Laftof Yin Shela da Tsakar Dare

A Funtua, da zarar kaka ta kama, mai riƙe wa ɗan kasuwar hatsi lissafi ya yi bankwana da barcin wuri. Yini ake yi ana auna masara da dawa da waken suya, motoci na shigowa daga Dandume da Bakori da Ɗanja, kai kuma kana bin buhuna da biro da littafi. Sai dare ya raba kake samun sukunin zuba alƙaluman a kwamfuta. Wuta ma, in za a kawo ta, sau da yawa lokacin take zuwa.

Haka ta faru da ni bara. Wajen ƙarfe biyu na ji fanka ta fara juyawa, na sauko daga gado cikin sanɗa, na jona caja, na danna maɓallin laftof. Ashe da magariba yara sun kalli fim a kanta, sun ƙure murya har ɗari. Tambarin Windows na ɓacewa sai ta saki kiɗan nan nata na buɗewa, a ɗakin da ko numfashi ana ji. Jaririyarmu, wadda aka sha fama kafin ta yi barci, ta tsanyara kuka. Maiɗakina ta ɗago kai ta ce, "Haba Malam, shi wannan abu naka ba ya iya tashi sai ya yi shela?" Lissafin da ban yi ba ke nan a daren. Jijjiga na yi ta yi har aka kusa kiran assalatu.

Daga baya na ji ashe ciwon ba nawa ba ne ni kaɗai. Jensen Harris, wanda yake cikin manyan da suka tsara fasalin Windows 8 a kamfanin Microsoft, ya ba da labari a 2021 cewa fargabar tada jinjirin gidansa da dare na cikin abin da ya sa ya nemi a rufe wa Windows baki. Shi ya sa Windows 8 ta 2012 da Windows 10 suke zuwa da kiɗan a kashe. Windows 11 ta 2021 ce ta dawo da shi a kunne, kamar yadda yake a tsohuwar Windows 7. To, tun da Microsoft ya janye hannu daga kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, masu gyara suka dukufa ɗora wa mutane Windows 11, laftof ɗin da ta shekara biyar shiru sai ga ta ta dawo daga shago ta koyi waƙa.

Kafin ka taɓa komai, ka kashe ta ka kunna, ka kasa kunne ka lura da lokacin da ƙarar ke fita, domin magani yana bin lokacin ne. In sai da tambarin Windows ya gama juyawa, ana dab da tambayarka kalmar sirri, sannan kiɗan ya zo, to na Windows ne. In kuwa kana danna maɓalli ta yi ƙara tare da tambarin kamfanin da ya ƙera ta, wannan daga can ƙasa yake, Windows ba ta ma farka ba tukuna. Akwai kuma ta uku, ƙara mai tsini, ƙit-ƙit-ƙit, allo baƙi ƙirin. Ita wannan ba a kashe ta, zan zo kanta.

Na Windows shi ne ya fi yawa a HP da Dell da Lenovo 'yan Beljiyam da muke saye, kuma aikinsa bai kai minti ɗaya ba. Ka danne maɓallin da ke ɗauke da hoton taga a ƙasan kibod, ka haɗa da harafin R. Wani ɗan akwati zai fito a kusurwar hagu. Ka rubuta mmsys.cpl a ciki, ba tazara, ka danna Enter. Tagar sauti za ta buɗe da shafuka huɗu a jere a sama, ka zaɓi na uku, wanda aka rubuta wa Sounds. Ka gangara da ido ƙasa, ƙarƙashin dogon jerin nan, za ka ga layin da ya ce Play Windows Startup sound, da ɗan gida a gefensa mai alamar da malami ke yi wa yaron da ya ci lissafi. Ka danna gidan alamar ta fita, ka latsa Apply, sannan OK. Shi ke nan. Wannan hanya tana ci tun daga Windows 7 har 11, shi ya sa na fi son ta a kan bin Settings, inda kowace sabuwar Windows sai ta sauya wa abu mazauni. Wanda ya fi son doguwar hanya a Windows 11, sai ya bi Settings, Personalization, Themes, Sounds. Taga ɗaya za ta kai shi.

A wannan tagar akwai tarkon da na ga mutane da dama sun faɗa. A sama akwai wurin da ake zaɓar No Sounds, mutum ya ga sunan ya ce ya sami maganin baki ɗaya. Zaɓar sa ba ya cire alamar nan ta ƙasa, saboda haka kiɗan buɗewa na nan daram. Abin da ya kashe maka shi ne ƙananan ƙararrakin gargaɗi, har da wadda ke sanar da kai batir ya kusa ƙarewa. A garin da wuta ke tafiya ba sallama, kuma batirin 'yar Beljiyam ya riga ya ga jiya, wannan ƙara ita ce ke ba ka damar adana lissafin buhu ɗari uku kafin allo ya ɗauke. Ka bar ta.

Wasu kan ce ai sai a rufe murya kafin a kashe kwamfuta, ko a soka iyafis kafin a kunna. Duka suna yi a Windows, amma dabara ce da ta dogara da tunawa, ni kuwa na ga abin da mantuwa ta jawo mini. Ga mai kula da ɗakin kwamfutoci na makaranta ko cibiyar jarrabawar JAMB, inda in an tada janareto inji hamsin za su amsa a tare, akwai hanyar hukuma a Windows Pro: a rubuta gpedit.msc a ɗan akwatin nan, a bi Computer Configuration, Administrative Templates, System, Logon, a kunna dokar Turn off Windows Startup sound. Ɗalibi mai ƙaiƙayin hannu ba zai mayar da ita cikin sauƙi ba.

Ƙarar da ke zuwa tare da tambarin kamfani ta fi buƙatar natsuwa, don sai an shiga BIOS, wato ɗakin ajiyar umarnin da injin ke karantawa kafin ya nemo Windows. An fi samun ta a wasu Asus da Acer, musamman manyan nan na wasan gem da samari ke so. Ka kashe kwamfutar gaba ɗaya, ka kunna, nan take ka shiga danna maɓallin shiga kana sakewa. A Dell da Asus da Acer F2 ne, a HP F10, a ThinkPad F1. In ta riga ka wucewa, kada ka yi ta kokawa da ita. Ka bari Windows ta buɗe, ka danne Shift ka latsa Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, UEFI Firmware Settings, za ta kai ka da kanta.

Allon da za ka tarar ba ado, sau da yawa da kibiyoyin kibod ake yawo a cikinsa. Ka duba shafukan Main da Advanced da Boot, kana neman layin da ya haɗa kalmar POST ko Boot da kalmar Sound ko Beep. Tsofaffin Asus suna kiransa Play POST Sound. ThinkPad kuwa ta tara nata a ƙarƙashin Config, a Beep and Alarm. Ka mai da shi Disabled, ka danna F10, ka amince a adana.

Abin da ya kai ka kaɗai za ka taɓa. BIOS kamar shagon maganin feshi ne, wanda ya je sayen na ciyawa ba ya buɗe sauran galan yana shinshinawa. Ka sauya Secure Boot ko tsarin SATA da wasa, Windows na iya ƙin tashi, ko ta tsare ka tana neman makullin BitLocker mai lamba 48 da ba ka taɓa gani ba. In kuma kana shiga ta nemi kalmar sirri, mai yiwuwa ta fito ne daga wani ofis da kullenta. Wanda ya sayar maka za ka koma wa, kada ka zauna kana cankar lambobi.

Masu MacBook ba su da yawa a tsakaninmu, nasu kuma gajere ne. Apple ya cire ƙarar a injinan 2016, ya dawo da ita da macOS Big Sur a 2020, ya kuma sa mata makashi: System Settings, ko System Preferences a tsofaffi, sai Sound, sai a cire Play sound on startup. Waɗanda suka girmi 2016 ƙararsu na bin ƙarfin muryar da aka bari ne, a rufe murya kafin a kashe.

Saura ƙit-ƙit ɗin nan mai baƙin allo. Wannan kuka ne, injin na gaya maka inda ke masa ciwo da yaren da ya iya, tunda ya kasa nuna rubutu. Tsohuwar Mac in ta yi ƙara uku ta huta daƙiƙa biyar ta sake, ram take nufi. Dell da HP ma kowanne da nasa ƙidayar, wani lokaci har da ƙyaftawar fitilar caji ko ta Caps Lock. Aikinka shi ne ka ƙirga: nawa dogaye, nawa gajeru. Wani abokina a Malumfashi ya ajiye tasa a rumfa lokacin casar masara, ga ƙurar hunturu, washegari ta tashi da wannan kuka. Ya kai wa mai gyara yana cewa a kashe masa ƙarar. Yaron ya ce, "Alhaji, sau nawa take yi?" Da ya ji amsa sai ya cire caja da batir, ya kwance murfin ƙasa, ya zaro ram, ya goge haƙoranta masu ruwan zinariya da kilinar fensir, ya hure ramin, ya mayar har ta ce ƙas. Ta tashi lafiya lau. Wani lokacin ma maɓalli ne guda ya maƙale saboda ƙwayar gero ko ɗigon shayi.

In ka kashe ƙara a BIOS, bayan kwana biyu ta dawo, ka dubi agogon kwamfutar. In shi ma ya koma wata tsohuwar shekara, ɗan batirin nan ne mai kamar kwabo da ke cikin injin ya mutu, shi ke riƙe wa BIOS abin da aka gaya masa idan ba wuta. A laftof yakan zo a naɗe cikin baƙar roba ko rawaya, da 'yar waya mai kai biyu. Ka sa a canza shi, ka gyara kwanan wata, sannan ka sake shiga ka kashe ƙarar, don sabon batirin bai san ka taɓa kashe ta ba.