RUWA BA YA TSAMI BANZA: Darasi Daga Kogin Ngadda

Kasuwar Litinin ta Maiduguri ita ce babbar kasuwar Jihar Barno, fatake kuwa su kan zo mata har daga Cadi da Kamaru da Nijar. Kowace rana ta Allah a kan share ɓawon lemo, da ruɓaɓɓen tumatir, da ledoji, da ruwan wanke nama da kifi. Abin da ba a kwashe ba ya kan kwanta cikin kwata. Da damina ta sauka sai ruwan sama ya ɗebe shi ya nufi kwari, kwarin birnin kuwa shi ne Kogin Ngadda.

1. Asalin Kogin

Ngadda ya taso ne daga fadamun dajin Sambisa, ya bi ta tafkin Alau inda aka kammala madatsar ruwa a 1986, sa'an nan ya ratsa Maiduguri ya bazu cikin fadamar Jere, inda manoman Zabarmari ke noman shinkafa. Daga Alau a ke jawo wani kaso na ruwan famfon birnin. Ya kamata mai karatu ya lura da cewa wannan kogi ba ya gudu duk shekara. Da rani ya kan tsittsinke ya zama kududdufai. Watau ƙazantar da babban kogi zai tsarma ya wuce da ita, a nan sai ta zauna wuri guda ta yi kauri.

2. Yadda Ƙazanta Ke Kashe Ruwa

Da farko, kifi yana shaƙar iska ce wadda ta narke cikin ruwa. Idan jini daga mayanka ko ruɓaɓɓen abinci suka shiga kogi, ƙwayoyin da ke ruɓar da su su kan cinye wannan iska. Ruwa ya yi baƙi ya yi wari, ƙananan kifaye su mutu. Tarwaɗa ta kan jure, domin tana iya ɗago kai ta shaƙi iskar waje, saboda haka ganinta cikin kududdufi ba shaida ba ce cewa ruwan lafiyayye ne.

Na biyu, takin zamani da ruwan sabulu su kan sa gansakuka ta yaɗu ta rufe fuskar ruwa. In ta mutu ta ruɓe, sai ta ƙara cinye iskar da ta rage.

Na uku, baƙin man mota ya kan shimfiɗu bisa ruwa ya hana iska shiga. Tsofaffin batura kuma suna ɗauke da dalma, wadda ba ta ruɓewa. Ta kan kwanta cikin laka, ta shiga jikin kifi da ganyayen lambu, daga nan ta komo kasuwa cikin kwando. Dalma tana dakushe ƙwaƙwalwar yara, dafuwa kuma ba ta kawar da ita.

Na huɗu, bayan gida a bakin kogi shi ke yaɗa amai da gudawa, fitsari cikin ruwa kuma ya kan kawo tsargiya ga yaran da ke iyo. A 2017 annobar kwalara ta ɓulla a sansanin 'yan gudun hijira na Muna, ta kama mutum fiye da 5,000 a jihar.

3. Ranar Da Kogi Ya Mayar Da Ajiya

A ran 10 ga Satumba, 2024, bayan madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da yawa na Maiduguri, irin abin da aka gani a 1994. Ya shiga Kasuwar Litinin, wadda gobara ta cinye a Fabrairun 2023, ya shiga Gwange da fadar Shehun Barno. Ba shara ce ta karya madatsar ba, amma ambaliyar ta haɗa ruwan masai da na juji da na rijiyoyi wuri ɗaya, kwatocin da leda ta toshe kuwa su kan hana ruwa janyewa da wuri.

4. Abin Da Ya Wajaba

Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NESREA a 2007 domin tabbatar da bin dokokin muhalli, Jihar Barno kuma tana da BOSEPA mai kula da kwashe shara. Amma hukuma ba za ta tsaya a ƙofar kowace rumfa ba. Saboda haka:

(a) Kowane ɗan kasuwa ya ajiye kwandon shara, kada ya share cikin kwata.
(b) Shugabannin layi su sa a yashe magudanai kafin watan Yuni.
(c) Mahauta su tara jini da kashin dabba a yi taki da su.
(d) Makanikai su tara baƙin mai cikin duro.
(e) Magidanta su haƙa masai nesa da rijiya da bakin kogi, a kuma tafasa ruwan sha in an yi shakkarsa.

Rigakafi ya fi magani. Yashe kwata aikin yini guda ne, amma dalmar da ta kwanta cikin laka ta kan yi shekaru ba ta fita ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙazanta ta fi yi wa Ngadda illa da rani?
2. Ta wace hanya dalma ke komowa cikin abinci?