Kundinki Kan Ingausa: Fim Ɗaya da Kasuwa Ɗaya Sun Isa

Ƙanwata, kin ce a kwalejin ilimi ta Bichi an ba ki aikin kundi kan Turancin da ke cikin finafinan Hausa da na allunan shaguna, ga ki a ƙauye, ba laburare, ba kuɗin zirga-zirgar Kano. Kwantar da hankalinki, kayan aikin suna wayarki da kasuwarku.

1. Taƙaita. Tun Turmin Danya na 1990 ake ta fitar da finafinai a Kano, ba mai iya kallace su. Zaɓi shiri ɗaya, Labarina na Aminu Saira ko Daɗin Kowa na Arewa24. Gobe da safe mai tura finafinai ya zuba miki kashi uku a memori.

2. Raba shafi gida huɗu: minti nawa, wa ya faɗa, wa ya faɗa wa, me ya ce. Rubuta yadda maganar ta fito daga bakinsa, kar ki gyara masa.

3. Bambance aro da surki. Mota, tebur da asibiti sun zama 'yan gida. Amma wanda ya fara jimla da Hausa ya ƙarasa da "I'm serious", wannan surki ya yi. In kalma ta rikitar da ke, faɗa wa Inna. In ta gane ba tare da ta ce "me?" ba, to aro ce.

4. Nan makin yake, don haka ki daɗe a nan. Me ya sa mai magana ya juya harshe a daidai wannan gaɓar? Likita ne ke nuna ƙwarewa, budurwa ce ke yanga, ko ɗan masu kuɗi ne ke ƙasƙantar da direba? Sannan ki bi mutum ɗaya: wanda ya yi wa abokinsa Turanci a ofis, da wane harshe yake gaida mahaifinsa a tsugune? Inda Turancin ya ɓace ma bayani ne, kuma ɗalibai da yawa nan suke tsallakewa.

5. Fassarar ƙasan allo babi ne daban. Kowa ya iya yi mata dariya, amma dariya ba ta kawo maki. Duba yadda mai fassara ya yi da "kishiya" ko "sannu da aiki". In kina son abin kwatance, nemi There Is a Way na kamfanin Jammaje, fim ɗin 2016 da aka yi da Turanci.

6. Ranar Lahadi ki shiga kasuwar Ɗambatta. Gaida mai shago, nemi izini, ɗauki hoton allo talatin: kemis, tela, cajin waya, POS. Wane harshe ne a sama? Wanne aka rubuta da manyan baƙaƙe? Sunan garin ma abin nazari ne: wani Dambatta, wani Danbatta, ga lanƙwasar Ɗ da akan yar.

Kafin ki kwanta, tura hotunan zuwa wayar yayanki. Memori ba ta da amana.