Kalkuleta ta ce 7,575757576, malam ya ce 7,58: wa ke da gaskiya?

Wata baiwar Allah ta aiko da wannan tambaya daga Agadez:

"Malam, barka da aiki. Ƙanena yana ajin seconde C. Ni nake zama da shi da dare ina duba masa aikin gida, ko da yake ni adabi na karanta. An ba su aiki a fizik: yaro ya yi gudun mita 100,0 cikin sakan 13,2, a nemo saurinsa. Ya danna kalkuleta, ta ba shi 7,575757576, ya kwafe duka. Malaminsu ya ja layi da jan biro, ya rubuta 7,58 m/s, ya rage masa maki. Yaron ya ce an zalunce shi, tunda amsarsa ta fi ta malam cika. Ni ma na rasa abin da zan ce masa. Ina laifinsa, kuma ta yaya zan taimaka masa?"

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka da wannan ɗawainiya. Malamin yana da gaskiya, amma ƙanenki bai yi wauta ba. Tun yana firamare aka koya masa cewa wanda ya kai rabawa ƙarshe shi ne gwani, yanzu kuma rana tsaka an ce ya yanke. Dole ya ji haushi idan ba a faɗa masa dalili ba.

Dalilin shi ne, a darasin lissafi 13,2 tana nan daram, ba ƙari ba ragi. A fizik kuwa shaida ce. Wani ne ya riƙe agogo, ya danna, ya karanta, kuma iyakar abin da zai iya rantsuwa a kai shi ne lokacin ya fi kusa da 13,2 fiye da 13,1 ko 13,3. Yana iya zama 13,16, yana iya zama 13,24. Ki ba ƙanenki kalkuletarsa, ki ce ya raba 100 da 13,15, sannan ya raba da 13,25. Zai samu kusan 7,60 da kusan 7,55. To, ki tambaye shi: idan lamba ta uku ma rawa take yi haka, sauran bakwai ɗin da ke bayanta daga ina suka zo? Ba wanda ya auna su. Kalkuleta ce ta cike gurbin fuskarta, don ba ta san agogo ba, ba ta san mai gudu ba. Wanda ya kwafe su duka ya yi da'awar sanin abin da bai sani ba, kuma wannan da'awar ce malam ya hukunta. Lambobin da awo ya tsaya musu, har da ta ƙarshe mai ɗan shakka, su ne lambobi masu ma'ana, waɗanda zai gani a littafinsa da sunan chiffres significatifs.

Ku ɗaga kai ku dubi hasumiyar Babban Masallaci, wadda aka fara ginawa wajen 1515, aka sake gina ta a 1844, ta kuma shiga jerin kayan tarihi na UNESCO tare da tsohon gari a 2013. Ana cewa tsayinta mita 27. Wannan magana ce mai gaskiya: tsakanin 26,5 da 27,5. Da wani zai rubuta mita 27,00, ya ce ke nan ya san tsayin har santimita, alhali ginin laka ne, iska da ruwa suna ci, magina suna taka itatuwan da suka leƙo daga jikinta suna sake yaɓe. A lissafi 27 da 27,00 abu ɗaya ne. A fizik na biyun ya fi na farko alkawari sau ɗari.

Nan ne sifiri yake rikita yara, kuma ya cancanci zaman dare guda shi kaɗai. Sifirin da ke gaban lamba ba a ƙirga shi: kilogiram 0,0045 lambobi biyu ne masu ma'ana, tunda giram 4,5 ne aka sake wa riga. Wanda ke tsakiya, kamar a 205, ana ƙirga shi. Wanda ke ƙarshe bayan waƙafi ma ana ƙirga shi, domin da gangan aka rubuta: giram 4,50 yana cewa sikelin ya ga wannan gurbin, ya tarar ba komai. Mai wuyar shi ne irin 2700. Idan yaro ya mayar da mita 27 santimita, ya rubuta 2700, sai ya zata lambobinsa sun zama huɗu. Sauya ma'auni ba ya ƙara sani. Mafita ita ce ya rubuta 2,7 × 10³ cm, lambobin nan biyu su fito fili.

Dokokin lissafin guda biyu ne, kuma yara suna cuɗa su. A ninkawa da rabawa, ana duba wanda ya fi ƙarancin lambobi masu ma'ana, amsa ta bi shi. 100,0 tana da huɗu, 13,2 tana da uku, amsa ta ɗauki uku: 7,58. A tarawa da ɗebewa kuwa gurbin bayan waƙafi ake dubawa: santimita 12,5 a tara da 0,34 ya ba da 12,84, a rubuta 12,8. Kin san tiya a kasuwa. In kin sayi gero tiya goma, wani ya auno miki giram 3,27 a sikelin maƙerin azurfa ya zuba a kai, ba za ki ce yanzu kin san nauyin buhun har ɗigon giram ba, don tozon da mai awo ke yi wa kowace tiya ya ninka wannan ɗan ƙarin sau da yawa. Awo mafi rauni shi ke yanke wa amsa iyaka.

Abin da aka ƙirga, kamar gwaji 3 ko ƙwallo 12, ba ya shiga wannan doka. Haka abin da aka ayyana, kamar santimita 100 a mita ɗaya, ko saurin haske da aka tsayar tun 1983 a kan mita 299 792 458 a sakan, wanda da shi ne ma ake ayyana ita mitar. Kuma a taƙaita sau ɗaya tak, a ƙarshen aiki. Mai yanke lamba a kowane mataki yana tara kuskure kan kuskure.

Zai iya ce miki, to duk wannan don maki ne kawai? Ki kai shi wajen maƙeran azurfa na garinku, masu ƙera kuros ɗin Agadez da duniya ta sani. A ce an kawo guntun ƙarfe fari, ana son a san ko azurfa ce. Sikeli ya ba da giram 15,7. An jefa shi cikin kwalbar awo mai ruwa, ruwan ya hau da santimita kubik 1,5. Kalkuleta za ta ce 10,46666667, littafi kuma ya ce nauyin azurfa zalla giram 10,49 ne a kowane santimita kubik. Yaro zai yi tsalle ya ce azurfa ce tsantsa. A dakata. Kwalbar nan da ƙyar ido ke raba 1,4 da 1,5 da 1,6 a jikinta. Da 1,4 amsa 11,2 ce, dab da darma mai 11,3. Da 1,6 kuwa 9,8 ce, wato ana iya cewa an sirka ta da jan ƙarfe mai 8,96. Abin da awon ya tabbatar shi ne wajen goma, sai a rubuta 1,0 × 10¹ g/cm³, kuma wanda ya sayi ƙarfen bisa dogayen lambobin can ya sayi zato da kuɗinsa. Mai hankali kwalba mafi siranta zai nema, ko guntu mafi girma, tunda raunin yana wajen ruwan. Wannan ita ce babbar fa'idar darasin a wurina: yana nuna wa mutum inda ya kamata ya gyara awonsa. Wanda zai auna sinadarin yuraniyom a dutsen Arlit, da wadda za ta auna maganin jariri a asibiti, da wannan tunanin suke aiki kullum.

Akwai wani tarko da ya keɓanci yaranmu na Nijar. Littattafanmu waƙafi suke sawa, 1,25. Littattafan da ke shigowa daga Kano, da bidiyon YouTube na Ingilishi, da wayoyi da kalkuletoci da yawa, ɗigo suke sawa, 1.25, su ajiye waƙafi don raba dubbai. Sai yaro ya ga 1,250 a waya ya karanta ɗaya da kwata, alhali dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ake nufi. Babban taron ma'aunai na duniya ya amince da alamomin biyu a 2003, ya kuma ce kada a raba dubbai da ɗigo ko waƙafi, a bar ɗan fili kawai. Ki duba kalkuletarsa da daren nan: ya danna 1 raba 4, ku ga alamar da ta fito. A takardar jarrabawa kuwa waƙafi zai sa, kamar malaminsa.

Yanzu ga abin da za ki yi, kuma rashin karanta kimiyya ba zai hana ki ba. Yaro ba ya gane lambobi masu ma'ana sai ya auna abu da hannunsa ya ga lambar ƙarshe tana gudu. Ki ba shi rula da tef ɗin tela, ya auna faɗin ƙofar ɗaki sau uku, ke ma ki auna sau uku ba tare da kin ga nasa ba. Za ku dace a santimita, ku saɓa a milimita. Ki lura ko daga layin sifiri ya fara ko daga bakin rular da ya cinye, ko idonsa yana daidai saman layin ko a karkace yake leƙe. Tef ɗin tela da ya tsufa yana miƙewa. Ko na ƙarfe ma zafi yana taɓa shi: a digiri 20 ake daidaita shi, kuma tef mai mita 30 da ya kai digiri 45 a ranar Agadez yana ƙara kusan milimita 9. Ga ƙofar ɗaki wannan ba komai ba ne, ga mai awon fili kuwa abin lura ne.

Gwajin da na fi so kuwa ba ya cin ko dala. A ɗaure ɗan dutse da zare, a rataye a ƙusa, tsawon daga ƙusa zuwa tsakiyar dutsen ya zama mita 1,00. A ɗan ja shi gefe kaɗan a saki. Agogon waya zai nuna masa lambobi biyu bayan waƙafi, amma babban yatsan mutum yana makara da wajen sakan 0,2, don haka lamba ta biyun ado ce. Dabarar ita ce a ƙirga kai-da-komo goma a raba da goma, kuskuren yatsa ya ragu sau goma. Zai samu wajen sakan 20,1, wato 2,01 kowane ɗaya. Da ƙa'idar g = 4π²L/T², inda L ke nufin tsawon zaren, T lokacin kai-da-komo ɗaya, g kuma jan da ƙasa ke yi wa abu mai faɗuwa, zai fitar da 9,77. Ki sa ya sake da 19,9 da kuma 20,3, zai ga amsar tana yawo daga 9,6 zuwa 10,0. A nan zai gane me ya sa wani aiki ke ba shi g = 10, wani 9,8, wani 9,81. Ita 9,81 ɗin ta Faris ce. A Agadez, da ke wajen digiri 17 arewa da layin tsakiyar duniya, kuma kusan mita 500 sama da teku, ta fi kusa da 9,78. Yaron da ya fitar da wannan da zare da dutse a tsakar gidansu ba zai ƙara kallon g a matsayin abin hadda ba.

Kada ki bari ya rubuta lamba tsirara. 7,58 mene ne? Raƙuma? Mita a sakan ko kilomita a awa? A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda ɓangare ɗaya ya ba da alƙaluma da ma'aunin fam na Ingilishi, ɗayan ya karanta su a matsayin niyuton. Kuma kafin ya rufe littafi ya tambayi kansa ko amsar za ta yiwu. Usain Bolt ya yi mita 100 cikin sakan 9,58 a Berlin a 2009, wato kusan mita 10,4 a sakan. In yaron makaranta ya fito da 75,8, waƙafi ne ya zame.

Ina da magana ɗaya ga ƴan'uwana malamai. Ba daidai ba ne mu rubuta "mita 2" a allo muna nufin 2,00, sannan mu rage wa yaro maki a kan lambobi masu ma'ana. In za mu hukunta, mu fara gyara tambayoyinmu, kuma jan layi ya zo da jimla ɗaya ta bayani. Ita dokar ƙirga lambobi ma gajeriyar hanya ce, a gaba za su koyi rubuta shakkar kanta, kamar 13,2 ± 0,1. Saboda haka in ƙanenki ya ci karo da tambaya mai harshen damo, ya rubuta amsarsa da lambobi biyu ko uku, ya sa layi ɗaya a ƙasa yana faɗin dalilinsa, washegari ya tambayi malam cikin ladabi wace ƙa'ida yake so a bi a ajinsa.

Ke kuma, ɗiyata, kada ki karɓi biro daga hannunsa, kada kuma ki bar shi ya kwafo amsa daga waya. In ya gama kowane aiki, ki sa yatsa a kan lambobin da aka ba shi, ki ce ya nuna miki wadda ta fi rauni, ya faɗa miki lambobi nawa gare ta, sannan ya ƙirga na amsarsa da ƙarfi kina ji. Ku fara da wannan aikin da aka ja wa layi: ya sake shi a sabon shafi, da 13,15 da 13,25 a gefe, ya kai wa malaminsa.